Sharar Ciyayi Don Kare Gidaje Daga Gobarar Daji

Sharar ciyayi a kewayen gida hanya ce ta raba gini da duk abin da wuta za ta ci ta iso gare shi: busasshiyar ciyawa, ƙananan itatuwa, ganyayen da suka zube, kara da itacen girki. Ana yin ta a wuraren da gidaje ke maƙwabtaka da daji, musamman inda rani ke da tsawo. Ba ta kashe gobara. Rage mata ƙarfi take yi kafin ta iso bango, ta kuma ba masu kashewa filin tsayawa.

Yadda wuta ke kama gida

Mutane da yawa sun ɗauka harshen wuta ne ke lashe gida kai tsaye. Binciken Jack Cohen, masani a hukumar kula da gandun daji ta Amurka, ya nuna cewa sau da yawa tartsatsi ne ke yin ɓarnar. Iska na ɗaukar garwashi ta jefa shi gaba da inda wutar take, ya faɗa kan tarin ganye a lungun rufi ko kan itacen da aka jingina da bango, ya yi ta ci a hankali har ya tashi. Shi ya sa makomar gida ta fi rataya a kan abin da ke kusa da shi, ba girman gobarar ba. Wuta kuma ta fi sauri in tana hawan tudu, don haka gidan da ke kan gangare na buƙatar shara mai faɗi ta ɓangaren ƙasa.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, wannan shara doka ce. Tun 2005 aka wajabta wa masu gidaje a yankunan haɗari su gyara ƙafa 100, wato kusan mita 30, daga jikin gini. A da ƙafa 30 ce kawai. Ana so mita ɗaya da rabi na farko ya zama babu abin da zai kama, sai tsakuwa ko siminti ko ƙasa tsura. Daga nan zuwa mita 9 a kwashe duk abin da ya bushe. A sauran filin a datse ciyawa kada ta wuce santimita 10, a kuma bar tazara tsakanin itatuwa.

Hamadar da ba ta san wuta ba

A hamadar Sonora da ta Mohabi, a kudu maso yammacin Amurka, tsirrai na fitowa ne jefi-jefi, da ƙasa fili a tsakaninsu, don haka ko tsawa ta tayar da wuta ba ta yin nisa. Baƙin ciyayi ne suka cike waɗannan guraben. Fitacciya a cikinsu ita ce bafel, 'yar uwar ƙarangiya, wadda aka kai daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa. Jihar Arizona ta sa ta cikin jerin ciyayi masu cutarwa a 2005. Bayan gobara ita takan sake tofowa daga saiwa, amma manyan tsirran hamada irin su saguwaro, da ke ɗaukar shekaru da dama kafin su girma, sukan mutu. A 2020 wata gobara a Mohabi ta ƙone bishiyoyin Joshuwa fiye da miliyan ɗaya. A can, sharar gida na nufin tuge ciyawar da saiwarta, domin yanka kaɗai ba ya kashe ta.

Gamba ma, wadda muke saƙa zana da ita, ta yi irin wannan ɓarna a arewacin Ostireliya bayan an kai ta don kiwo. Tana kai mita 4 a tsayi, kuma wutarta na cin manyan bishiyoyi har sama. Da sunanta na Hausa ake kiranta a can.

A Jos da kewaye

Jos ba hamada ba ce, amma daga Nuwamba zuwa Maris ciyawar da damina ta bari takan bushe ƙayau, iskar hunturu kuma ta kaɗa ba ƙaƙƙautawa a tudun da ya kai kusan mita 1,200. Mafarauta na cinna wuta don koro gafiya da zomo, makiyaya don samun sabon tofo, manoma don sharar gona. Gidajen da ke gindin duwatsun Shere, da sababbin unguwannin da ke kutsawa cikin daji wajen Lamingo da Bukuru, su ne a bakin wuta. Akwai kuma bishiyar turare da aka dasa da yawa a tsofaffin filayen haƙar kuza. Ganyenta na da mai, ɓawonta na zuba, kuma bai kamata a bar tarinsu kusa da rufi ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda muke ajiye abincin wuta a jikin gida da hannunmu. Harawa a kan rumfa, karan masara jingine da danga, bunu a kan rumbu, jarkar fetur ta janareto a bayan ɗaki. Magidanci zai share gaban gida tas, ya bar bayan katanga inda tofa ta kai ƙugu, alhali daga nan wutar za ta ɓullo. Fili marar gini da ke maƙwabtaka ma haɗari ne, kuma a nan mai unguwa ke da amfani, don shi zai iya sa mai filin ya share ko a yi gayya.

Kayan aikin sanannu ne: adda, lauje, fartanya da manjagara. Lokacin da ya dace shi ne da zarar ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, tun ciyawa na da ɗanyantaka. Ana kankare zobe har ƙasa a kewaye da gida da rumbu, a sare rassan da suka sauko ƙasa ko suka taɓa kwano, a matsar da itace da harawa nesa da bango. Abin da aka share a kwashe shi ko a binne ya zama taki. In dole sai an ƙone, a yi da sassafe ko da yamma lis bayan iska ta kwanta, da ruwa da ɗanyen ganye a hannu, kuma kada a tafi sai toka ta huce. Ganyen turare da na mangwaro na ci gaba da zuba cikin rani, saboda haka ana maimaita sharar rufi da lunguna har zuwa ruwan farko a Afrilu.