Mece Ce Kwalliyar SFX? Sana'ar Yin Raunin Da Ba Ya Zafi

A 'yan shekarun nan masu kwalliya da yawa sun ƙara haruffa uku a tallarsu ta Instagram da TikTok: SFX. Za ka ga an rubuta ana koyar da kwalliyar amare da ɗaurin kallabi "da SFX", a ƙasa kuma ga hoton hannu a tsage jini na zuba, ko fuska rabi a ƙone alhali mai ita murmushi take yi. Haruffan taƙaitawa ce ta special effects a Turanci, wato dabarun da ake yi a fim don mai kallo ya ga abin da bai faru ba kamar ya faru. Kwalliyar SFX ita ce ɓangaren waɗannan dabaru da ake yi da hannu a jikin ɗan wasa: sara, suka, harbi, ƙuna, kumburi, tabo, furfura da tamojin tsufa, har zuwa mayar da mutum dodo. Ta bambanta da VFX, wanda aikin kwamfuta ne bayan an gama ɗauka. Raunin SFX yana nan a jiki, kyamara ta ɗauke shi yadda yake, kana iya kai hannu ka taɓa.

Sana'ar ta daɗe. A Amurka ta bunƙasa tare da fim ɗin kansa, har a shekarar 1982 aka fara ba da kyautar Oscar ta kwalliya a matsayin rukuni na dindindin, Rick Baker ya fara ɗauka. Ubangidansa a sana'a, Dick Smith, wanda ya rasu a 2014, shi ya yaɗa dabarar manna fuskar roba gunduwa-gunduwa maimakon a kifa wa mutum ita guda ɗaya, don fuska ta riƙa motsi idan ɗan wasa yana magana. Wani gwanin, Tom Savini, mai ɗaukar hoto ne na soja a yaƙin Biyetnam, kuma abin da idonsa ya gani a can shi ya sa raunukan da yake yi suka fi na tsararrakinsa kama da gaskiya. A nan Najeriya, sunan da ya fi fita a fagen shi ne Hakeem Onilogbo na Nollywood, wanda aka fi sani da Hakeem Effect.

Labarin Savini shi ne ƙashin bayan maganar. Mai zuwa ajin 'yan koyo yakan zo da tunanin sirrin yana cikin kayan aiki, idan ya san sunan robar da inda ake sayar da ita shi ke nan. Kaya kuwa a yini guda ake sanin su. Abin da ke cin lokaci shi ne ido. Malamin kirki, kafin ya bari a buɗe ko kwalba ɗaya, zai tambayi ɗalibi: me ya sami mutumin nan? Da me aka ji masa? Yaushe? A tsaye yake ko a kwance? Wuƙa tana barin baki biyu a miƙe, sumul. Sanda ko dutse fasa fata suke yi, bakin ciwon ya fito a yayyage, gefensa a kumbure. Wanda ya faɗi a babur ƙujewa yake yi, wuri mai faɗi marar zurfi, da layuka masu bin hanyar da ya ja, da ƙasa a ciki. Harsashi galibi ƙaramin rami yake yi inda ya shiga, inda ya fita ne yakan yi ɓarna. Duk wanda bai amsa waɗannan tambayoyi ba, komai tsadar kayansa, ja kawai zai shafa.

Kafin a kai ga ciwon, ana gwada kayan a fata. A ɗiga ɗan lateks da ɗan gam a cikin hannu ko bayan kunne, a jira, an fi so tun jajiberin aji. Lateks ruwan itacen roba ne da aka sa wa amoniya, shi ya sa warinsa ke hawa kai, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukarsa sam: ƙaiƙayi, borin jini, wani har numfashinsa ya sarƙe. Wanda safar hannun asibiti ke sa wa ƙuraje ya faɗa tun da wuri. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1930 wani ɗan wasa a Hollywood, Buddy Ebsen, sai da ya kwanta asibiti saboda garin alminiyon da aka riƙa shafa masa ya shiga huhunsa, aka ba wani matsayinsa a fim ɗin da ake ɗauka. Ajin da aka tsallake gwajin fata, ni dai ba zan tura ƙanwata can ba.

Darasin farko yawanci kwanciyar jini ce, wato shatin da duka ko buguwa ke bari ba tare da fata ta fashe ba. Ba ya bukatar roba ko kaki, kala ce kawai da soso, amma a nan ake gane mai ido. Jinin da ya fita daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a ƙarƙashin fata yana sauya launi yayin da jiki ke narkar da shi: ja da fari, cikin kwana ɗaya ko biyu ya yi duhu, bayan kwanaki ya ja zuwa kore da rawaya daga gefe, cikin kamar mako biyu ya ɓace. Saboda haka shatin jiya daban, na makon jiya daban, kuma idan labarin fim ya tsallaka kwana biyar dole shatin ya tsallaka tare da shi.

To amma wannan jerin launuka a farar fata aka fi ganinsa, kuma yawancin bidiyon koyarwa da ke YouTube a farar fata aka yi su. Yarinya za ta kalla, ta ɗauko shuɗi da kore ta dambara a kumatun ƙawarta baƙa, abin ya fito kamar fenti. A fatarmu kwanciyar jini takan fito ne da duhu fiye da kewayenta, baƙi-baƙi mai sirkin shunayya ko jan ƙasa, koren nan da rawayar sau da yawa ba sa fitowa sosai. Abin da ke sa ido ya yarda shi ne kumburi da sheƙin fata da ta ɗame. Don haka mai aiki a baƙar fata zai fi dogara ga duhu da haske: ya duhunta tsakiya, ya ɗan haska inda ƙashi ya turo, ya shafa ɗan mai kaɗan wurin ya yi ƙyalli. Haka ma yanka. Launin fatarmu a saman-saman yake, siririn bango ne. Da an ƙuje shi abin da ke ƙasa fari-fari ne mai ruwan hoda kafin jini ya cika shi, idan ciwon ya yi zurfi a ga kitse rawaya. Wannan siririn farin da ke bakin ciwo, tsakanin baƙar fata da jan ciki, shi ne yawancin 'yan koyo ke mantawa, kuma shi ke sa mai kallo ya runtse ido. Tabo ma haka: a jikinmu yakan warke ya fi fata duhu, ko ya yi fari, ko ya taso ya yi tudu mai sheƙi. Ba a bukatar zuwa Landan don koyon wannan. Ga gwiwar yara a gida, ga tabon ƙuna a hannun masu tuya, ga littattafan ɗaliban aikin jinya. Gani ya kori ji.

Daga nan sai yanka da kaki. Abu ne mai laushi irin kakin zuma da ake sayarwa don wannan aiki. A goge wurin ya bushe, a shafa gam siriri, a mulmula kakin ya yi tsawon ɗan yatsa a ɗora. Sai a lakato baselin a yatsa a riƙa jan gefensa waje, a hankali, har bakinsa ya ɓace cikin fata, ka shafa ba ka ji inda ya fara ba. Wannan jan gefen shi ne rabin aikin, kuma shi ke ƙure haƙurin ɗalibi, don da ka matsa da yawa sai ya naɗe ya biyo yatsa. Idan ya kwanta, a danna soso mai ƙaushi a kai don ya sami 'yan ramukan da fata ke da su, in ba haka ba zai yi santsi irin na roba. Sannan a tsaga tsakiya da abu marar kaifi, bakin cokali ko 'yar sandar roba. Ba a kawo reza ko almakashi kusa da jikin mutum. A ɗan buɗa bakin, a rufe kakin da siririn lateks ko maganin da ke ƙarfafa shi, a yi wa bayansa kala daidai da fata. Kakin kanti yawanci fari-fari yake zuwa, kuma fatar mutum ba launi ɗaya ba ce, don haka sai an haɗa biyu ko uku ana ɗiɗɗigawa. Can ƙasan tsagar a sa ja mai duhu har ya kusa baƙi, shi ke ba da zurfi, a biyo da jini mai kauri, a ƙarshe mai gudu. Kaki ya fi zama inda ƙashi yake kusa kuma fata ba ta yawan motsi: goshi, karan hanci, bayan hannu, ƙwauri. A kumatu kuwa, da ɗan wasa ya buɗe baki zai tsattsage.

Jinin kansa ba wuya a haɗa shi. Zamanin fim baƙi-da-fari ruwan cakulan ma an yi amfani da shi, tunda kauri da duhu kawai kyamara ke gani. Yanzu tushensa ruwan sukari mai kauri ne da kalar abinci ja, a ɗiga shuɗi ƙwaya ɗaya, a barbaɗa garin cakulan don ya kashe hasken jan ya hana a riƙa hango fata ta cikinsa. Jinin da ya fito daga jijiyar da ke kawo shi daga zuciya ja ne jawur, na jijiyar da ke mayar da shi zuciya ya fi duhu, wanda ya bushe kuma ruwan ƙasa yake komawa. Yana bin gangare: idan a kwance aka ji wa mutum a goshi, wajen kunne zai bi, ba haɓa ba. Kuskuren da ya fi yawa a ƙananan finafinanmu shi ne a malala jini har ya rufe aikin da aka sha wahala a kai, kuma a bar shi ja ɗanye alhali a labarin an kwana. Wanda zai yi aiki a waje kuma ya san da ƙuda da tururuwa, don jinin sukari kiransu yake yi.

Ƙuna ana yin ta da lateks da tishu: shafi ɗaya na wannan, ɗaya na wancan, a bari ya bushe, a ɗaɗɗaga a yayyaga, a yi kala a ciki. A kiyaye gira da gashin hannu, lateks na kama gashi ya tuge shi. Tabon da ya lotsa kuma da kolodiyon ake yi, wani ruwa da ke tsuke fata idan ya bushe. Yana kama wuta kuma ba a kai shi kusa da ido.

Akwai abubuwa biyu da malamin da ya koya a waje ba lallai ya faɗa maka ba. Na farko jelatin, wanda ake narkarwa a yi bororon ƙuna da shi. Yana da araha kuma yana kama da nama, amma zafi da gumi narkar da shi suke yi, a ranar Kano ko Sakkwato ta watan Afrilu ba zai kai ko'ina ba. Ƙari a kan haka, jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa, sai a duba kwalin a nemi na shanu ko na kifi. Na biyu alwala. Lateks, kaki da silikon (wata irin roba mai laushi) duk suna hana ruwa taɓa fata, don haka raunin da ke fuska ko hannu sai an tsara lokacinsa da lokacin salla, a yi magana da darakta tun kafin a fara, kada a kwashe awa biyu ana aiki a zo cirewa ba a ɗauki komai ba. Cirewar ma darasi ce: da mai ko maganin narkar da gam ake bi a hankali, ba a fizga. Soson da ya taɓa fuskar wani ba ya komawa ta wani, kuma ba a yin aiki a kan ƙurji ko ciwon gaske.

Ba fim kaɗai ke cin wannan sana'a ba. A Ingila tun 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kafa ƙungiyar Casualties Union, masu yin raunin ƙarya su kwanta kamar waɗanda bam ya rutsa da su don masu ceto su yi atisaye. Har yau makarantun likitanci da na jinya, sojoji da masu agajin gaggawa a ƙasashe da dama suna amfani da wannan dabara, domin ɗalibin da ya saba ganin ƙashi a waje a wurin gwaji hannunsa ba zai yi rawa sosai ba ranar da ya tarar da na gaske a bakin titi. A ganina wannan kasuwa ce da masu koyon SFX a Arewa ya kamata su ƙwanƙwasa ƙofarta, ba su tsaya jiran Kannywood kaɗai ba.

Wanda ya gama ajin farko zai fita da shati ɗaya, yanka ɗaya, wataƙila da ƙuna. Silikon, ɗaukar zubin fuska da aljinet irin na likitan haƙori, da sassaƙa fuskar roba, duk suna gaba, kuma ba a taɓa zuba filasta kai tsaye a jikin mutum, don zafi yake yi idan yana daskarewa har ya ƙona. Zai kuma fita da hotuna, a nan ne nake roƙon a kula. Hoton rauni mai kyau, idan ya bar wayarka ba bayani, gobe kana iya ganinsa a WhatsApp an ce wani gari aka kai hari, kuma mun san abin da irin wannan ke jawowa a ƙasar nan. A rubuta "kwalliya ce" a jikin hoton kansa, a wurin da ba za a iya yanke shi ba, a haɗa da bidiyon yadda aka yi da yadda aka cire.