Zumuntar Mata

Zumuntar Mata, wasu su ce Matan Zumunta ko kawai Zumunta, ita ce ƙungiyar matan coci a arewacin Najeriya da yankin tsakiya, musamman majami'un da ake sujada da Hausa. Ba ƙungiya ɗaya ba ce mai hedkwata ɗaya da shugaba ɗaya, kowace ɗarika da tata. ECWA na da tata, COCIN na da tata, EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, suna kiran tasu ZME wato Zumuntar Matan Ekklesiya, haka LCCN ta Numan da HEKAN da ERCC, Katolika ma suna da Zumuntar Matan Katolika. Yawanci matan aure ne da waɗanda mazansu suka rasu, 'yan mata kuwa suna ƙungiyar matasa ko birged, wato ƙungiyar horar da 'yan mata ta coci, har sai sun yi aure sannan a karɓe su.

Galibin mutane da waƙa suka san su, mata cikin zane iri ɗaya suna kaɗa tulu suna rangaji a gaban coci ko a wajen biki. Amma waƙar ita ce abin da ido ke gani kawai. Wanda ya zauna kusa da su ya san cewa kuɗin aikin bishara da abincin masu makoki da kuɗin makarantar marayu, kaso mai yawa daga bakin zanen matan nan yake fitowa.

Asali

'Yan mishan na SIM, wata ƙungiyar Turawa masu bishara, sun iso ƙasar nan a 1893, su Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, na SUM, wata ƙungiyar mishan ɗin daban, suka biyo baya a 1904 tare da Karl Kumm suka fara zama a Wase, sai na 'Yan'uwa da suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Ƙabilun Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da kudancin Borno yarensu ya yi yawa, kowane tsauni da nasa, to sai Hausa ta zama harshen coci, balle da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa za ka ga mace Berom ko Bajju ko Bura ko Bachama, a gida tana yarenta amma sunan ƙungiyarta da waƙarta da addu'arta a taro duk da Hausa ne.

Labarin da aka fi bayarwa kan farkon Zumunta shi ne na Miango a ƙasar Irigwe, wajen 1930, inda aka ce wata mata ta kusa rasa ranta wurin haihuwa saboda babu abin da za a kai ta asibiti da shi, sai matan coci suka harhaɗa 'yan kwabbansu aka sayi keke don a riƙa kai marasa lafiya. A sauran wurare kuma abin ya taso ne daga ajin mata da matan 'yan mishan suke yi, ana koyon karatu da ɗinki da renon yara da haddar ayoyi, daga baya matan ƙasa suka karɓe ragamar suka mai da shi nasu. Lokacin da ECWA, ɗarikar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954 aka kuma kafa tarayyar majami'un da yanzu ake kira TEKAN a 1955, ƙungiyoyin matan sun riga sun yi ƙarfi a ƙauyuka da yawa.

Tsari

Tsarin nasu yana bin na cocin ne, daga ƙaramar majami'a zuwa gunduma zuwa ƙasa baki ɗaya. A kowace majami'a akwai shugaba, wadda ake ce wa uwar zumunta ko Mama kawai, da mataimakiya da magatakarda da ma'aji da mai ba da waƙa, matar fasto kuma ita ce mai ba da shawara ko ta so ko ba ta so ba. Suna haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako da yamma bayan an taso daga gona ko kasuwa, a yi addu'a, a yi nazarin Littafi, a koyi sabuwar waƙa, a kira suna, wadda ba ta zo ba a tambayi dalili, in ciwo ne a tura mutum biyu su dubo ta. Sau ɗaya a shekara akwai makon mata, a ranar Lahadin su ne ke jan sujada tun daga farko har ƙarshe, sannan akwai babban taron gunduma da na ƙasa inda za ka ga motoci cike da mata da tabarmi da buhunan hatsi da itacen girki, su kwana a ajujuwan makaranta kwana uku ko huɗu.

Ayoyin da suka fi jingina da su su ne Titus sura 2, inda aka ce tsofaffin mata su koya wa ƙanana, da labarin Dokas a Ayyukan Manzanni sura 9 wadda take ɗinka wa gwauraye riguna, da Luka sura 8 inda aka ambaci matan da suke yi wa Yesu da almajiransa hidima da dukiyarsu.

Bayarwa domin bishara

Nan ne gaskiya ba a cika ba su haƙƙinsu ba. ECWA tana da hukumar aika masu bishara, EMS, wadda aka kafa tun 1948, kuma tsarinta shi ne majami'a ko ƙungiya ko mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ɗan mishan da matarsa a filin bishara, ya riƙa biyan ɗan alawus ɗinsu wata-wata. Zumuntar Mata na cikin masu ɗaukar wannan nauyin, sauran ɗarikoki ma suna da irin wannan tsarin da sunaye daban. To mace da take sayar da ƙosai ko kunu ko tumatir a bakin hanya, ina za ta samu kuɗin riƙe iyali guda a wani ƙauye da ba ta taɓa zuwa ba? Amsar ita ce ba ita kaɗai ba ce, kuma ba lallai sai kuɗi ba.

Akwai kuɗin wata da kowace take biya, kaɗan ne, amma ma'aji tana rubutawa a littafi kuma ana karantawa a gaban kowa. Akwai baiko na musamman a makon mata. A ƙauye da kaka kowace mace za ta kawo mudu ɗaya ko biyu na masara ko dawa ko acca ko gyaɗa, a zuba a buhu a ajiye a ɗakin coci sai bazara da hatsi ya yi tsada a sayar, ko kuma a aika wa mai bishara da shi haka nan. Wasu wuraren suna da gonar zumunta, wasu kuma su tafi ƙwadago gonar wani da sunan ƙungiya, su yi shuka ko cirar ciyawa ko girbi tun safe suna waƙa, kuɗin aikin kuma ba mai taɓa ko sisi, kai tsaye asusu yake shiga. A gari sai ka ga sun sayi kujerun roba da rumfa da manyan tukwane suna ba da haya a wajen biki.

Ba aika kuɗi kawai suke yi ba, suna zuwa da kansu. Ana ce masa ziyarar filin bishara. A ɗauki hayar mota a loda zannuwa da sabulu da gishiri da man ja da takalman yara da kayan sawa da aka tattara gida-gida, a tafi wani ƙauye a ƙasar Maguzawa ko kan dutse inda mota ma sai ta tsaya a ƙarasa da ƙafa, a kwana biyu ana shiga gidaje ana gaisawa da mata, da dare a kunna fitila a yi waƙa a fili. Matar mai bishara da ta yi watanni ba ta ga wani daga gida ba, ranar za ka ga hawaye a idonta, domin a zane ɗaya da aka miƙa mata ta san ba a manta da ita ba. Kuma akwai ƙofar da namiji mai wa'azi ba zai taɓa shiga ba, amma mace da sallama ɗaya ta shige har madafa.

Kwanon rufin coci da benci da gidan fasto da abincin ɗaliban makarantar Littafi, in ka bi diddigi a wurare da dama za ka tarar da hannun Zumunta a ciki, ko da kuwa a ranar buɗewa sunan wani babban mutum ne aka kira a lasifika.

Zumunci

Sunan ƙungiyar ba a banza aka sa shi ba. In mace ta haihu su ne za su zo da itace da sabulu da garin kunu. In aure ne su ne masu girki, su ne masu raka amarya da waƙa, kuma su zaunar da ita su yi mata faɗa irin na uwa. In rasuwa ce kuwa kafin dangi na nesa su iso matan Zumunta sun riga sun share gida sun ɗora tukunya, su kwana da mai makoki suna waƙa har gari ya waye, bayan an watse kuma su ne masu komowa bayan sati biyu, lokacin da kowa ya koma harkarsa gidan ya yi shiru. Suna zuwa asibiti da gidan yari da gidan marayu. A tsakaninsu akwai adashi, akwai rance mara ruwa ga wadda jarinta ya karye, akwai koyar da yin sabulu da man shafawa da saƙa. Rikicin miji da mata da yawa a wurin uwar zumunta yake mutuwa tun bai kai gaban dattawa ba.

Waƙarsu kuma daban take da ta kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci. Mutum ɗaya ke bayarwa saura su amsa, da tulu da ake buga bakinsa da soso yana ba da wannan ƙara mai zurfi, da caki da kuge da ganga. Su suke tsara waƙoƙinsu, kuma ba sa jin nauyin saka abin da ke damunsu a ciki, mijin da ke shan giya, yaran da suka shiga ƙwaya, shugabannin da suka ci amana, kashe-kashe. Macen da ba ta yi boko ba sau da yawa ta wannan hanyar ta haddace labaran Littafi Mai Tsarki.

Rikici da fita titi

Tun daga rikicin Kafanchan na 1987 da Zangon Kataf a 1992 da Kaduna a 2000 da Jos a 2001, aikin Zumunta ya ƙaru da abin da ba su shirya masa ba, wato ciyar da 'yan gudun hijira da suka cika harabar coci da kula da gwauraye da suka yi yawa lokaci ɗaya. Bayan kisan ƙauyen Dogo Nahawa kusa da Jos na 7 ga Maris 2010, inda yawancin waɗanda aka kashe mata ne da yara, matan coci sun fito titunan Jos cikin baƙaƙen kaya, riƙe da Littafi Mai Tsarki da gicciye na katako da ganyen mangwaro, suna kuka suna neman gwamnati ta yi wani abu. Matan Musulmi ma sun yi nasu tattakin saboda nasu da aka kashe, irin na Kuru Karama a watan Janairun shekarar. Daga nan ne Fasto Esther Ibanga da Hajiya Khadija Hawaja suka haɗa kai aka samu ƙungiyar mata ta addinan biyu mai aikin sulhu a Jos, har Esther Ibanga ta samu lambar yabo ta zaman lafiya ta Niwano a 2015.

EYN ce ta fi shan wuya a hannun Boko Haram. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a daren 14 ga Afrilu 2014 akasarinsu 'ya'yan wannan cocin ne, wato iyayensu mata 'yan ZME ne, sannan a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar cocin da ke Kwarhi kusa da Mubi. Matan sun watsu, wasu Yola wasu Jos wasu Abuja wasu har Kamaru, kuma abin da ya kamata a rubuta shi ne duk inda suka sauka ba a daɗe ba sai ka ji sun sake kafa zumunta a sansanin, sun zaɓi shugaba sun fara mitin, ko da tulun ma aro ne. A 2015 kwayar ZME ta zagaya majami'un 'Yan'uwa a Amurka tana waƙa tana ba da labarin abin da ya faru. Dr. Rebecca Dali, 'yar cocin, ta shahara da tattara sunayen waɗanda aka kashe ko aka sace da taimaka wa matan da suka kuɓuto, Kirista da Musulmi. Haka kuma tun da aka riƙe Leah Sharibu, wata ɗaliba Kirista, bayan sace 'yan matan Dapchi a Fabrairun 2018, sunanta bai fita daga addu'ar matan Zumunta ba, tare da reshen mata na CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, suna ta kiran a sako ta.

Matsayinsu a coci

Duk da wannan, a ECWA da EYN har yanzu ba a naɗa mace fasto, kuma a majami'u da yawa kwamitin da ke yanke shawara kan kuɗi maza ne zalla, alhali in ka leƙa ranar Lahadi ɓangaren mata ya fi cika. Wasu matan ba su damu ba, suna ganin Zumunta ita ce fagensu kuma a can ba mai taka musu burki. Wasu kuma, musamman masu ilimin tauhidi, suna cewa wadda ta iya riƙe asusu shekara da shekaru ba a rasa ko kwabo ba ai ta isa a ji ta bakinta a majalisa, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Akwai ƙorafi daga cikin gida ma, cewa yawan anko da karo-karo yana yi wa talaka nauyi har wata ta daina zuwa don kunya, kuma nasihar a yi haƙuri da ake yi wa matar da mijinta ke duka wani lokaci tana wuce gona da iri.

A Nijar, majami'un da suka fito daga aikin SIM a wajen Maraɗi da Tsibiri da Galmi su ma da Hausa suke sujada kuma matansu suna da irin wannan zumunta. A manyan biranen Najeriya kuwa ƙananan mata ma'aikata da ke zuwa sujadar Turanci ba su cika samun lokacin mitin ɗin yamma ba, sai aka koma buɗe guruf a WhatsApp ana tura kuɗin wata ta waya, waƙoƙin kuma ana ɗauka a situdiyo a saka a YouTube, har kwayoyin zumunta na Jos da Kaduna da Yola suna da masu sauraro a cikin waɗanda ba Kirista ba ma.