Waiwaye: Yadda bambancin asali ya bi matan Dalit har ɗakin haihuwa a Indiya

Tun zamanin da, a ƙauyukan arewacin Indiya, idan naƙuda ta kama matar babban gida, macen da asalinta ke can ƙasan tsani ake aika wa. Tsarin asali na Hindu, wanda ya jera mutane hawa-hawa bisa gidan da aka haife su, ya ɗauki jinin haihuwa a matsayin ƙazanta, don haka yanke cibiya da kwashe mabiyiya suka zama aikin ungozomomin da ake kira dai, waɗanda da yawansu 'yan Dalit ne, mutanen da ake ƙyamar ko taɓa su. Ungozomar ce ke karɓar ɗan kowa, amma ba a yarda ta sha ruwa a kofin gidan ba. Wannan abu yana ci mini rai.

A 1950, kundin tsarin mulkin da B.R. Ambedkar, shi ma ɗan Dalit, ya jagoranci rubutawa ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17, dokar hukunci ta biyo baya a 1955. Sai dai doka ba ta shiga zuciyar ma'aikaciyar lafiya ba. Unguwannin Dalit galibi a gefen gari suke, cibiyar awo da rigakafi kuwa sau da yawa tana unguwar manya. Bincike a jihohin Gujarat da Rajasthan ya nuna yadda wasu ma'aikata ke ƙin shiga gidajensu, wasu kuma su ba da magani ba tare da hannu ya taɓa hannu ba. Mai cikin da aka wulaƙanta a awon farko, da wuya ta koma.

A 2005 gwamnati ta ɓullo da shirin Janani Suraksha Yojana, inda ake ba mace kuɗi idan ta haihu a asibiti, aka kuma ɗauki mata 'yan gari, wato ASHA, su riƙa raka masu ciki. Shirin ya yi tasiri ƙwarai: haihuwa a asibiti ta tashi daga kashi 39 cikin 100 a 2005-06 zuwa 89 a 2019-21.

Giɓin dai yana nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2019-21 ya nuna kusan kashi 39 cikin 100 na yaran Dalit 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, na manyan asali kuwa kimanin 30. A ƙidayar 2011, Dalit sun kai kusan mutum miliyan 200.