Mudu ba kilo ba ne: a kula wajen awon taki da hatsi

Manoma da yawa suna karɓar shawarar malamin gona a kilo, su koma gida su auna da mudu. A nan asarar take farawa. Mudu da tiya da kwano cika suke aunawa, sikeli kuwa nauyi yake aunawa, kuma abin da ya cika kwano ɗaya ba lallai nauyinsa ya zo ɗaya ba.

Duba taki. Yuriya ba ta kai NPK nauyi ba: gwangwanin lita ɗaya na ɗaukar kusan giram 750 na yuriya, amma NPK ya kai kilo ɗaya ko ya ɗan haura. Wanda ya auna su da kwano ɗaya yana zaton ya zuba daidai, ya tauye wa gonarsa yuriya bai sani ba. Haka shinkafa shanshera da gyararriya, haka gyaɗa mai ɓawo da ɓararriya.

Shi kansa ma'aunin ba ɗaya ba ne. Tiyar gero a Maraɗi ta kai wajen kilo 2.5, arba'in ke cika buhu mai kilo 100, amma akwai kasuwannin da mudunsu bai wuce rabin haka ba. Ga tozo, wani ya tara shi har yana zuba, wani ya shafe baki. Ga kwanon da aka buga gindinsa ya lotsa ciki. Masarar da ba ta gama bushewa ba kuma ruwa ne a cikinta, za ta rame a buhu.

Gyaran ba wuya. Kai kwanonka wurin mai sikeli. A fara gwada sikelin da ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce idan an cire nauyin mazubi. Auna kwanon ba komai a ciki, sannan ka cika shi ka shafe baki da sanda. Yi haka sau uku ga kowane irin taki ko hatsi, ka rubuta sakamakon a jikin kwanon da fenti. Buhun taki kilo 50 ne, ƙirga kwano nawa ya fito daga ciki.

Idan takardar magani ko iri daga Amurka ta zo, a lura: laba ɗaya giram 454 ce, tan ɗinsu kilo 907 ne maimakon 1,000, eka biyu da rabi kuma ita ce kusan hekta ɗaya. Maganin feshi dai kada a kuskura a auna shi da ido ko da murfin kwalba, a nemi ma'auni mai layin mililita a jikinsa.