Bugun Ƙwallo a Wasan Besbol

Bugu shi ne ɓangaren kai hari a wasan besbol, wasan da ya kafu sosai a Amurka, Japan, Koriya ta Kudu, Kuba, Benezuwela da Jamhuriyar Dominika. Ƙungiyoyi biyu ke karawa, kowace da 'yan wasa tara, ana karɓa-karɓa: wannan na jifa tana tsaron fili, waccan na bugu. Mai bugu yakan tsaya da sandarsa a gefen wani faifan roba mai kusurwa biyar da ake kira gida, mai jifa ya wurgo masa ƙwallo daga nisan ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18.44, nisan da ba a canza ba tun 1893. In ya buga, sai ya yar da sanda ya sheƙa zuwa tasha ta farko. Tashoshi uku ne kafin a komo gida, ƙafa 90 tsakanin kowace da ta gaba, wanda kuma ya zagaye su ya taka gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Wasan manya zagaye tara ne, a kowane zagaye kowace ƙungiya na samun damar bugu.

Sanda da ƙwallo

Sandar besbol mulmulalliya ce, kamar ƙaramar taɓarya mai siririn mariƙi, ba ta da faɗin fuska irin ta wasan kurket. A babbar gasar Amurka ta MLB dole ta kasance ta icce guda ba haɗi, kada tsawonta ya wuce inci 42, kada kaurinta ya wuce inci 2.61. Yawancin ƙwararru ba su kai nan ba, sun fi riƙe mai inci 33 ko 34. Yara da 'yan makaranta sukan yi amfani da ta alminiyam, don ta fi sauƙi kuma ba ta karyewa. Shi kuwa ƙwallon na fata ne mai jan ɗinki, nauyinsa tsakanin giram 142 da 149, ga tauri kamar dutse.

Taurin nan ya taɓa cin rai. A watan Agustan 1920 jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka, washegari ya rasu. Duk da haka sai 1971 aka wajabta hular kwano ga masu bugu a MLB, aka ƙara mai rufe kunne a 1983.

Lissafin jifa

Ƙashin bayan dokokin bugu shi ne wani akwati da ba a gani, wanda ke tsaye a iska a saman gida. Faɗinsa faɗin faifan ne, inci 17. Tsayinsa kuwa daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai bugu zuwa tsakiyar ƙirjinsa, don haka na dogo ya fi na gajere girma. Alƙalin wasa da ke durƙushe a bayan mai cafe ƙwallo, wato ɗan ƙungiyar mai jifa da ke tsugune bayan mai bugu, shi ke yanke hukunci kan kowane jifa.

Idan ƙwallo ya ratsa akwatin mai bugu bai motsa ba, ko ya kai bugu ya sami iska, an ci shi sitiraik ɗaya. Uku suka cika, ya fita. Idan jifan ya kauce wa akwatin shi kuma ya yi haƙuri bai taɓa ba, alƙali zai ce bol, kuma a nan ba ƙwallon ake nufi ba, jifan ne ya ɓaci. Bol huɗu na ba shi tasha ta farko kyauta, doka ce tun 1889. Haka ma in ƙwallon ya same shi a jiki alhali ya yi ƙoƙarin kaucewa.

Inda sabon shiga ke rikicewa shi ne bugun da ya faɗi bayan layukan gefe guda biyu, waɗanda suka tashi daga gida suka bi ta tasha ta farko da ta uku. Irin wannan ana ƙirga shi sitiraik, amma sau biyu kawai. Wanda ke da biyu a kansa yana iya ta karkatar da ƙwallo waje sau goma bai fita ba, yana gajiyar da mai jifa, sai fa in wani mai tsaro ya cafe kafin ya taɓa ƙasa. Togiya ɗaya ce: in ba cikakken bugu ya yi ba, tare ƙwallon ya yi da sanda don ya gangara kusa, kuma ya fita layi bayan sitiraik biyu, to ya fita ke nan.

Akwai wata tsohuwar doka mai ban dariya ga mai kallo. In mai cafewa ya kasa riƙe sitiraik na uku, mai bugu na da damar rugawa tasha ta farko, muddin babu kowa a kanta ko kuma an riga an fitar da mutum biyu. Yara da yawa sukan juya su koma benci suna cizon yatsa, koci na ta ihu su gudu.

Sauran dokokin ba su da wuya. Ƙafafu biyu su kasance cikin akwatin tsayuwa da aka zana da farar ƙasa, mai ƙafa 4 da ƙafa 6. Wanda ya buga da ƙafa ɗaya gaba ɗaya a waje ya fita. Jerin masu bugu da aka miƙa wa alƙali kafin wasa ba ya sauyawa. Tun 2023 kuma akwai agogo a MLB, dole mai bugu ya shirya ya fuskanci mai jifa kafin ya rage daƙiƙa 8, in ba haka ba a ɗora masa sitiraik ba tare da an yi jifa ba. Hatta ƙaron da ake shafa wa mariƙi don kada hannu ya zame yana da iyaka, inci 18. A kansa ne aka soke wa George Brett na Kansas City bugunsa na gida a 1983, wato bugun da ya kai ƙwallo bayan katangar fili ya ba shi damar zagaye tashoshi har gida, ya fito daga benci kamar zai cinye alƙali, daga baya hukumar gasar ta mayar masa da abinsa.

Abin da ake koya wa sabon shiga

Kuskuren farko a shago ake yin sa. Yaro yakan ɗauko sanda mai nauyi yana ganin ita ce za ta kai ƙwallo nesa, alhali saurin juya sanda ne ke kai shi. Wadda ya iya miƙewa da hannu ɗaya ba tare da ta rinjaye shi ba, ita ce tasa.

Ana riƙe ta da gindin yatsu, ba a cusa ta cikin tafi ba, hannu biyu a haɗe, kuma ba a matse ta. Mai bugu da dama hannunsa na dama ke sama. Hank Aaron ya taso yana riƙewa a juye, sai da aka gyara masa, kuma ya ƙare da bugun gida 755. Tsayuwa kuwa, ƙafafu su ɗan fi kafaɗu buɗewa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa kusa da kafaɗar baya, idanu biyu kan mai jifa. Lokacin da mai jifa ya ɗaga hannu, nauyin jiki ya koma ƙafar baya, a yi ɗan gajeren taku gaba, ƙugu ya fara juyawa, sannan hannu ya biyo. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa. Mai bugu da damtse kaɗai ba ya nisa. Kai kuma ba ya motsi. Wanda ya ɗaga kai don ya ga inda ƙwallo zai faɗa kafin ya buge shi, iska zai buga.

Sanda na da wuri mai daɗi, kimanin inci shida daga bakinta. In ƙwallo ya sami nan, hannu ba ya jin komai. In ya sami kusa da mariƙi, wani zafi ne ke ratsa yatsu har gwiwar hannu, musamman da sanyin safiya. Don neman wurin nan ake ɗora ƙwallo a kan wani tsayayyen bututun roba a yi ta bugawa cikin raga. Wasu na ganin wasan yara ne, amma Tony Gwynn na San Diego, wanda ya zama gwarzon bugu na gasarsa sau takwas, bai rabu da shi ba har ya yi ritaya.

Duk wannan jiki ne, kuma jiki yakan saba. Abin da ya fi wuya shi ne zaɓi. Jifa mai gudun kilomita 150 a awa yana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma kafin ya ci rabin hanya dole mai bugu ya yanke shawara. Mai jifa bai cika son saka ƙwallo a tsakiya ba. Yana so ne a bi wanda ya karkace ya nutse ƙasa. Shi ya sa kociyoyi ke cewa, in lissafi na wajenka, misali bol biyu babu sitiraik, jira naka kawai, ka bar sauran su wuce. In kuma sitiraik biyu na kanka, matsa hannu sama kaɗan a kan mariƙi, rage faɗin bugun, ka taɓa duk abin da ya zo kusa. Mai koyo da ya iya barin mugun jifa ya fi mai ƙarfin da ke kai wa komai sara amfani ga ƙungiya, ko da 'yan kallo ba sa tafa wa tafiyar kyauta.

Awon gwaninta

Ana raba yawan bugun da ya kai mutum tasha lafiya da yawan lokutan da ya tsaya bugu, ban da tafiyar kyauta. Wanda ya sami .300, wato uku cikin goma, gwani ne a MLB, ko da yake sau bakwai ya koma benci hannu rabbana. Ted Williams na Boston ya kai .406 a 1941. Ichiro Suzuki, wanda ya zo daga Japan, bai damu da kai ƙwallo bayan katanga ba. Dangwala shi yake yi inda babu mai tsaro ya ruga, da haka ya tara bugu 262 a kakar 2004, adadi mafi yawa a kaka ɗaya a tarihin gasar.