Sana'ar haɗa goge a zangunan Accra

Goge kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa da ɗan baka, kuma haɗa shi da gyaransa sana'a ce da Hausawa da Dagomba da Zabarmawa suka shigo da ita Accra daga arewa. Ba sana'ar shago ba ce. Galibi mai goge shi ke haɗa abinsa, ko ya karɓa daga hannun maigidan da ya koya masa kiɗa, shi ya sa ba a cika raba maƙerin goge da makaɗinsa ba.

Asali

Masana da dama na danganta goge da dangin rababa na Larabawa, suna ganin ya ratso Sahara ne tare da fatake, amma babu wata tsayayyar shekara. Yana da 'yan uwa a faɗin yankin: Fulani na da nyanyeru, Wolof na da riti, Buzaye na da imzad wanda mata ke kaɗawa. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya.

Ta hanya biyu ya iso ƙasar Ghana ta yau. Ta farko ita ce ta fataucin goro, wadda ta haɗa Kano da Katsina da kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa kudu, wasu suka tarar da 'yan uwansu da suka yi wa Turawan Ingila aikin soja tun yaƙin Asante na 1874. Daga nan zanguna suka yi ta ƙaruwa a Ankara, kamar yadda tsofaffi ke kiran birnin: Zongo Lane, sai Sabon Zango na Malam Baƙo a farkon ƙarni na 20, sai Nima a wajajen shekarun 1930. Inda Bahaushe ya sauka kuwa, biki da suna ba sa rasa makaɗi.

Ta biyu ita ce ta Dagbon, ƙasar Dagomba a arewacin Ghana. A can sunansa gonje, kuma kiɗan fada ne. Tarihin baka ya ce daga ƙasar Gurma aka kawo shi, mai yiwuwa a ƙarni na 18, kuma har yau shugaban masu gonje a fadar Yendi na riƙe da sarautar Yamba-Naa. A cikin tsofaffin waƙoƙinsu akwai baitoci da Hausa da Gurmanci. Daga baya, dokar korar baƙi ta gwamnatin Firaministan Ghana Busia a 1969 ta kwashe mutane da yawa daga zanguna, abin da ya taɓa kusan kowace sana'a da ke cikinsu.

Yadda ake haɗa shi

Ana zaɓen busasshiyar ƙwarya mai kauri, wadda ba ta da tsaga, a kankare cikinta. Ita ce kumbo. Sai a huda ta gefe biyu a zura sanda ta ratsa, ƙarshenta ya ɗan leƙo ta ƙasa. Fatar da aka fi so ita ce ta guza, saboda ba ta da kauri kuma tana da ƙwari. Ana jiƙa ta, a ja ta bisa bakin ƙwaryar, a kafe da ƙananan ƙusoshi, a bar ta ta bushe. Daga baya a yanke ƙofa zagayayya a gefe ɗaya na fatar domin murya ta fita.

Tsirkiyar ba waya ba ce, tarin gashin wutsiyar doki ne da ake tajewa ya kwanta sambal, a ɗaure shi a kan sanda da kuma gindi. Tsakaninsa da fata ana kafa ɗan reshe mai ƙafafu, wanda ake kira jaki don shi ke ɗauke da kaya. Bakan ma gashin doki ne a jikin lanƙwasasshen ƙarfe ko itace. Sai an shafa ƙaro kafin gashi ya kama gashi. In babu shi, sai dai a ji shuu. Makaɗi ba ya danne tsirkiya har jikin sanda, taɓa ta kawai yake yi da yatsu, wannan ne ke ba goge muryar nan mai kama da ta mutum.

Kusan duk waɗannan kaya daga arewa ake sauko da su, domin doki ba hajar bakin teku ba ne.

Gyara

Babban abokin gabar goge a Accra shi ne laima. Iskar teku na sa fata ta saki, murya ta dushe, don haka ake shanya shi a rana ko a kara shi kusa da garwashi kafin wasa. Gashin da ya tsinke ana cire shi ɗaya ɗaya har sai ya yi ƙaranci a sake sabo. Ƙwaryar da ta fashe ba ta da magani, sabuwa ake nema.

Nazari

Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda Farfesa J. H. Kwabena Nketia ya daɗe yana jagoranta, ta ɗauki makaɗan gargajiya aikin koyarwa. Cikinsu akwai Salisu Mahama, gwanin gonje daga Dagbon. A wurinsa Ba'amurkiya Jacqueline Cogdell DjeDje ta koyi kiɗan a shekarun 1970, kuma a 2008 ta fitar da littafi kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba. Ƙungiyar Pan African Orchestra da Nana Danso Abiam ya kafa a 1988 ta sa gonje cikin kayan kiɗanta. Gogen Turawa mai tsirkiya huɗu kuwa yana hannun ƙungiyar kiɗa ta ƙasa da aka kafa a 1959, kuma shigo da shi ake yi.

Matsayinsa a zango

A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa goge da bori da wuraren shaƙatawa, malamai da yawa na ƙyamarsa. Dagomba ba su ɗauke shi haka ba. A zangunan Accra ra'ayoyin biyu na zaune ƙofa da ƙofa.