Ma'anar dokimanter, da nauyin fuskar da ke cikinsa

Dokimanter, wanda wasu gidajen rediyo kan kira fim na gaskiya, shi ne fim ɗin da mutanen cikinsa ba ƴan wasa ba ne. Ba a rubuta musu abin da za su faɗa ba, ba a ɗinka musu kayan sawa ba. Matar da ka gani tana share hawaye, hawayenta ne. Zauren da aka ɗauka, zauren gidansu ne. Idan an naɗe kamera an tafi, tana nan a unguwarta da maƙwabtanta da sunanta. A nan ya rabu da finafinan Kano da muke kallo da dare, inda wanda aka kashe a wannan fim zai fito ango a na gaba. Ya kuma rabu da rahoton minti biyu na labaran Télé Sahel, domin mai dokimanter kan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana bin mutum ɗaya, har mutumin ya daina gyara zama in ya ga kamera.

Mu a Nijar ba baƙin wannan sana'a ba ne. Jean Rouch ya fara ɗaukar mutanen bakin kogin Kwara tun shekarun 1940 tare da abokinsa Damouré Zika, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, kabarinsa na nan Yamai. Sani Magori, ɗan Galmi a jihar Tawa, ya yi fim a kan noman albasa da yadda farashinta ke ɗaura aure ko ya ɗaga shi. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi nata a 2016 a kan rashin haihuwa, ta sa kanta a ciki, daga baya a 2021 ta shiga unguwar Kara-Kara ta ɗauki samarin da kowa ke tsoro. Duk wanda ya kalli fim ɗinta na 2016 ya san aikin dokimanter: abin da ake raɗawa a ɗaka, a fito da shi fili da bakin wanda abin ya shafa.

Sai dai kada kalmar "gaskiya" ta ruɗe ka. Mai fim kan ɗauki awa ɗari ya fitar da awa ɗaya da rabi. Kamar tela ne da turmin atamfa: yadin na gaske ne, amma shi ya zaɓi inda almakashi zai bi. Wannan yankan da haɗin, wato montaj, a nan ra'ayin mai fim yake zaune. Saboda haka dokimanter shaida ce daga bakin wani, ana saurarenta, ana kuma auna ta.

A cikin ire-irensa akwai reshen da sunansa kawai kan sa fada ta yi tsit ko ta kaure da gardama, wato finafinan da ke nuna rayuwa da tarihi da haƙƙin mutanen da ake taƙaitawa da harufan LGBTQ. Harufan na nufin mata masu son mata, maza masu son maza, masu son jinsi biyu, waɗanda ke jin jinsin da aka haife su da shi ba shi ne nasu ba, sai harafi na ƙarshe da ke tattara sauran. Taƙaitawar daga Amurka ta zo, kuma ba ta zauna daidai a kan kowace al'umma ba. Ƴan daudu, alal misali, sun daɗe a ƙasar Hausa, a tashoshin mota da kasuwanni da wajen sayar da abinci da gidajen biki, tun ba a san waɗannan harufa ba, kuma daudanci magana ce ta ɗabi'a da sana'a da salon magana, ba lalle ta kwanciya ba.

Me ya sa waɗannan mutane suka rungumi dokimanter haka? Domin shekaru aru-aru duk abin da aka rubuta a kansu, ɗan sanda ne ya rubuta, ko alƙali, ko likitan taɓin hankali. Sai a 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai 17 ga Mayu 1990. A tsakanin nan, a 1977, aka fito da Word Is Out, fim ɗin da ba kome a ciki sai mutum 26, tsofaffi da matasa, baƙaƙe da farare, kowa na zaune yana ba da labarin rayuwarsa da fuskarsa a buɗe. Yau abin kamar ba wani abu ba ne, amma a lokacin mutum na iya rasa aikinsa ko ƴaƴansa a kan haka.

Wasu finafinan kuma tono tarihin da aka binne suka yi. Paragraph 175, wanda ya fito a 2000, sunan sashen dokar Jamus ne da gwamnatin Hitler ta yi amfani da shi ta kama maza kusan 100,000 bisa zargin neman maza tsakanin 1933 da 1945. Kusan rabinsu an yanke musu hukunci, dubbai aka kai sansanonin mutuwa da alamar tsumma ruwan hoda a ƙirji. Da yaƙi ya ƙare ba a ɗauke su a matsayin waɗanda aka zalunta ba, dokar ma ba a soke ta ɗungurungum ba sai 1994. Masu fim ɗin sun samu ƴan tsirarun tsofaffin da suka rage, suka naɗi muryarsu kafin ƙasa ta rufe su. Haka How to Survive a Plague na 2012, wanda aka haɗa da kaset-kaset ɗin da masu fama da Sida suka ɗauka da hannunsu a shekarun 1980 da 1990, lokacin da suke tare ƙofofin hukumomi da kamfanonin magani suna neman a gaggauta bincike. Maganin da ya fara riƙe cutar a 1996 yana da alaƙa da wannan matsin lamba, kuma irinsa ne ake bai wa masu Sida a asibitocinmu yau, ko da mai karɓa bai taɓa jin labarin ba.

A Afirka ta Yamma, fim ɗin da ake yawan farawa da shi shi ne Woubi Chéri na 1998, wanda Philip Brooks da Laurent Bocahut suka ɗauka a Abijan. Ni a ganina har yau ba a yi wanda ya fi shi mutunta mutanensa ba. Babu mai sharhi daga sama da ke fassara su. Su da kansu suke zaune suna bayyana kalmomin da suka ƙirƙira a tsakaninsu, wane ne wubi, wane ne yosi, suna gardama, suna dariya, suna maganar kishi da kuɗin haya da iyaye a ƙauye. Ana ganin Barbara, shugabar ƙungiyarsu, tana kai-da-kawowar shirya bikin shekara. Abijan ba baƙon gari ba ne ga ɗan Adar. Da wuya ka samu gida a Tawa da ba shi da wani da ya je cin rani can. Titunan da ke cikin fim ɗin, ƴan'uwanmu sun yi talla a irinsu.

Na Yuganda ya fi ɗaci. Call Me Kuchu, wanda ya fito a 2012, ya bi David Kato, malamin makaranta mai fafutuka, a lokacin da majalisar ƙasar ke duba ƙudurin 2009 da ya tanadi hukuncin kisa. A Oktoba 2010 wata jaridar Kampala ta buga sunaye da hotunan mutanen da ta ce masu neman jinsi ɗaya ne, da kira a rataye su, hoton Kato a shafin farko. Ya kai ƙara, ya ci shari'a a farkon Janairu 2011. Ran 26 ga watan aka kashe shi da guduma a gidansa, ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin. Kotu ta ɗaure wani mutum shekara 30. Ƴan sanda suka ce rigima ce ta tsakaninsu, abokan gwagwarmayarsa suka ce ba za a raba kisan da abin da jaridar ta yi ba. Mai kallo yana ganin mutum yana raha da mahaifiyarsa, can gaba kuma yana ganin jana'izarsa, ba kuwa wanda zai tashi ya wanke fuska bayan an ce a yanke.

Akwai kuma A Jihad for Love na 2007, wanda Parvez Sharma ya ɗauka a ƙasashe 12 cikin Musulmi masu sallah da azumi da ke ɗauke da wannan hali, suna kokawa da shi tsakaninsu da Ubangijinsu. Da yawa a ciki an dusashe fuskarsu. Fim ba ya ba da fatawa, hukuncin addini na malamai ne. Abin da ya nuna shi ne mutanen suna nan, kuma ba duka ne suka juya wa alƙibla baya ba.

Na san abin da za a ce a fada: duk wannan shirin Turawa ne. Maganar ba ta rasa tushe ba. Yawancin finafinan nan da kuɗin waje aka yi su, sau da yawa baƙi ne ke riƙe da kamera, kuma an yanka su ne don idon masu kallo a Berlin ko New York, waɗanda suka fi son labarin Afirka mai duhu da Turai mai ceto. Akwai kuma tsohuwar matsalar wa ya ci riba. Paris Is Burning na 1990, a kan baƙaƙen fata da ƴan Latin matalauta na New York, ya samu kuɗi da lambobin yabo, wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka suka fito suna kukan ba su ga abin kirki ba. Don haka hakkinka ne ka tambayi wa ya biya, wa ya ɗauka, don wa. Amma tambayar ba ta mai da mutumin da ke gaban kamera Bature. Barbara ƴar Kodebuwa ce, Kato ɗan Yuganda ne. I Am Samuel na 2020 kuwa ɗan Kenya ne ya yi shi, Peter Murimi, ya shafe shekara biyar yana bin wani saurayi tsakanin Nairobi da gonar iyayensa, inda uban mai wa'azi ne a coci. Mafi yawan fim ɗin a kan uba da ɗa ne, da yadda za su ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya. Hukumar tace finafinai ta Kenya ta hana nuna shi a Satumba 2021.

Abin da ya fi damuna a wannan reshe shi ne fuska. A dokimanter na albasa, manomi ya fito a tele sai a yi masa barka. A nan kuwa fitowa na iya jawo kora daga gida, ko duka, ko kurkuku. Shi ya sa masu sana'ar suka daɗe suna neman dabara: a ɗauki mutum ta baya, a zaunar da shi cikin duhu, a sauya murya. Duk waɗannan suna kare shi, amma suna mai da shi inuwa, mai kallo kuwa ba ya jin tausayin inuwa. A Welcome to Chechnya na 2020, wanda ya bi masu tserewa daga kamen da aka fara a Ceceniya ta Rasha a 2017, David France ya yi amfani da kwamfuta ya ɗora fuskokin wasu ƴan sa-kai a kan na mutanen, ta yadda kana ganin tsoro da murmushi amma ba za ka gane mai su ba.

Tun kafin kwamfuta, a ƙasar nan aka koyi wata ƙa'ida da ta fi wannan muhimmanci. Da Rouch ya gama fim ɗinsa na farautar dorina, ya koma Ayoru ya haska wa masuntan Sorko da ya ɗauka. Suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin kiɗa ƙarfafa zuciyar dorina yake yi. Ya ji maganarsu. Mayar da fim ga masu shi kafin duniya ta gani, da ba su damar cewa a cire wannan, shi ne abin da ke raba dokimanter da cin amana.

Wannan ne kuma ya raba shi da bidiyon tonon asiri da ke yawo a WhatsApp da TikTok, inda ake tare yaro a lungu, a haska masa salula a fuska, a tilasta shi ya faɗi sunansa da unguwarsu. Shi ma na gaske ne, ba wasa a ciki, amma babu yardar wanda aka ɗauka, kuma an yi shi ne don a cutar. Wanda ya tura irin wannan gaba, aikin jaridar Kampala ya yi, ko da yana ganin wa'azi yake.

Yarda ma ba ta dawwama, domin doka na sauyawa bayan an ɗauki fim. Najeriya ta sa hannu a dokar ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya a Janairu 2014. Mali ta shigar da hukunci a kundinta na laifuka a ƙarshen 2024, Burkina Faso ta bi baya a Satumba 2025 da ɗaurin shekara 2 zuwa 5. A nan Nijar, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya haramta wannan hali a fili. Mutumin da ya yarda aka ɗauki fuskarsa shekara goma da suka wuce, ya yarda ne a ƙarƙashin wata dokar dabam, fim ɗin kuwa yana nan a intanet ba ya tsufa. Ɗalibin IFTIC, makarantar koyon aikin jarida, ko duk wani matashi mai kamera a Yamai da ke tunanin taɓa wannan batu, ko ma batun karuwai ko masu Sida ko tubabbun ƴan bindiga, sai ya zauna da wanda zai ɗauka ya faɗa masa ƙarara inda fim ɗin zai iya kaiwa, ya nuna masa montaj kafin kowa, ya kuma shirya wa ranar da mutumin zai kira shi ya ce a sauke.